Martanin Masu Kallo ga Sauyin Shugabanci a Tashar CNN (2022–2023)

Wannan nazari ya dubi yadda masu kallo suka karɓi sauyin shugabanci a tashar CNN ta Amurka. Bayan murabus ɗin Jeff Zucker a Fabrairun 2022, an naɗa Chris Licht da manufar mayar da tashar tsaka-tsaki a siyasance, a daidai lokacin da masu kallonta ke raguwa.

Martanin ya kasu gida biyu. Tsofaffin masu kallo, waɗanda akasarinsu ke karkata ga jam'iyyar Democrat, sun ɗauki sauyin a matsayin juya musu baya, musamman bayan zaman tambayoyi da Donald Trump ranar 10 ga Mayun 2023. Magoya bayan Republican kuwa ba su baro Fox News ba. Zaman ya jawo fiye da mutum miliyan 3, amma ba su dawwama ba. Ranar 7 ga Yuni aka sallami Licht, Mark Thompson ya gaje shi a Oktoba.

Abin lura ga manazarcin kafafen yaɗa labarai shi ne, mai kallo yakan fassara sauyin shugaba da sauyin aƙida, kuma yana bayyana hukuncinsa ne ta hanyar sauya tasha.