Darasin Kalmomin Kasuwanci: Ma'anonin “Exchange” da Yadda Ake Amfani da Ita

Kalmar Turanci ta “exchange” tana cikin kalmomin da ɗan kasuwa ya fi cin karo da su a takardun banki da na kwangila. Asalin ma'anarta shi ne musaya, watau a ba da wani abu a karɓi wani a madadinsa, abin da Hausawa ke kira ba ni gishiri in ba ka manda. Tushenta ɗaya da “change”, wadda Hausa ta ara ta mayar da ita canji. Sai dai a harkar ciniki kalmar ta rabu gida huɗu.

Ma'ana ta farko ita ce musayar kaya. Idan rasit ya nuna cewa kanti ya yarda da “exchange”, ana nufin za a sauya wa mai saye kayan da wasu. Mayar masa da kuɗinsa wani sharaɗi ne dabam, wanda sai an rubuta shi.

Ta biyu ita ce canjin kuɗi. “Foreign exchange” na nufin kuɗaɗen ƙasashen waje, “exchange rate” kuma farashin da ake canza su. A nan ne aka fi yin asara. Tun daga watan Satumba na 1986, lokacin da gwamnati ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje, darajar naira ta daina tsayawa wuri ɗaya. Daga 1995 zuwa 1998 farashi biyu ne ke aiki: na gwamnati kimanin naira 22 kan kowace dalar Amurka, na kasuwa kuwa sama da naira 80. Wanda ya sa hannu a yarjejeniya ba tare da an fayyace wane farashi ake nufi ba, yana iya tarar da bashinsa ya ninka kusan sau huɗu.

Ta uku ita ce kasuwar da ake hada-hada bisa ƙa'ida. Kasuwar hannun jari ta Legas, wadda aka kafa a 1960, aka mayar da ita ta Nijeriya baki ɗaya a 1977, tana ɗauke da wannan suna. Garin Jos ya san nauyin wannan ma'ana, domin a kasuwar ƙarafa ta Landan, London Metal Exchange, ake yanke farashin kuzar da ake haƙowa a Bukuru da Barikin Ladi. A ranar 24 ga Oktoba, 1985, kasuwar ta dakatar da cinikin kuza, bayan kuɗin majalisar kuza ta duniya sun ƙare, ta kasa ci gaba da tallafa wa farashi. Tan ɗaya da ya haura fam 8,000 ya faɗi ƙasa da rabin haka a 1986, lamarin da ya ƙara durƙusar da haƙar kuza a Filato, wadda dama ta daɗe tana ja da baya.

Ta huɗu ita ce “bill of exchange”, takardar da mai bin bashi ke umurtar wanda ake bi ya biya wani adadi, ko nan take ko a ranar da aka ƙayyade. Ana iya sa mata hannu a baya a miƙa wa wani, ta riƙa zagayawa tamkar kuɗi. Cek ma wani nau'i ne nata.

Saboda haka, ya kamata ɗan kasuwa ya dubi kalmar da ke maƙwabtaka da “exchange” kafin ya ɗauki ma'ana. Idan kuma batun canjin kuɗi ne, ya tabbatar an rubuta farashin, da kasuwar da aka ɗauko shi, da ranar da zai yi aiki, kafin ya sa hannu.