Kafin ka ce sitirima ta lalace, duba abin da ke hannunka

Aikina haɗa kayan sauti ne a gidaje da masallatai da ɗakunan taro a Kano, kuma ba kasafai nake rubutu ba. Abin da na gani a gidan wani dattijo ne ya hana ni yin shiru.

Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya, idonsa ya fara rauni. Ɗansa da ke Ingila ya aiko masa da sitirima mai kyau, wato na'urar da ke jawo sauti daga intanet, don ya riƙa jin karatun Husari da Minshawi bayan asuba, da yamma kuma ya ɗan saka Shata ko Narambaɗa, ya kama rediyon intanet ba tare da ya sha wahalar eriya ba. Amfilifaya da sifikoki yana da su tun da, tsofaffi ne amma lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rage kawai shi ne abin da zai riƙe a hannu ya sarrafa ta. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, don haka ɗan ya turo kuɗi ya ce a saya masa tabulet.

Aka aiki yaro kasuwar waya. Ya dawo da tabulet a kwali mai ƙyalli, an rubuta Android 13, RAM 16GB, har da kyautar abin kunne da biro. Mai shagon ya haɗo shi da wani “injiniya” da zai zo ya yi saitin. Da injiniyan ya buɗe Play Store, aka ce masa manhajar sitirimar ba ta dace da wannan na'ura ba. Maimakon ya tsaya nan ya faɗi gaskiya, sai ya turo wani tsohon kwafin manhajar daga wayarsa ta Xender. Ta buɗe, ta yi ta juyi tana neman sitirima, ba ta gan ta ba. Sai ya haɗa su ta Bluetooth, sauti ya fito, ya karɓi kuɗin aikinsa ya kama gabansa.

Daga nan wahala ta fara. Jika ya ɗauki tabulet ya shiga ɗaki, karatu ya yanke. Saƙo ya shigo, sifika ta yi ƙara a tsakiyar aya. Aka sake kiran injiniya. Wannan karon ya ce ai kayan Turai ba sa jure wutar Najeriya, sai an buɗe. Ya sa sukurdireba ya ɓalle murfin sitirimar, ya fizge siririyar wayar eriyar Wi-Fi har mazauninta ya taso daga allon, ya mayar da murfi, ya ce na'urar ta mutu, amma idan Alhaji zai sayar a matsayin kayan gyara, shi zai taimaka ya saya. Wallahi har yanzu idan na tuna wannan “taimako” raina ɓaci yake.

Abin da ya fi taɓa ni ba ɓarnar ba ce. Watanni dattijon nan yana ɓoye wa ɗansa. Duk sanda ya kira ya tambaya, sai ya ce, “Tana aiki lafiya lau, Allah ya yi maka albarka.” Yana jin kunyar ya ce kyautar da aka kashe wa kuɗi ba ta yi ba, a ransa kuma yana zaton an cuci ɗan nasa ne a can. Na'urar tana cikin kwalinta a ƙarƙashin gado, shi ya koma ƙaramar rediyonsa mai batir. 'Yarsa ce ta gano, ta neme ni.

Da na karɓi tabulet ɗin, gilashin ya riga ya ɗago daga jikinsa ta gefen hagu, har farcena yana shiga tsakani. Batir ya kumbura, don tunda aka saya yana jone a caja, ba ya riƙe wuta. Na sa manhajar da ke karanta ainihin kayan ciki. Android 8 ne aka canza masa lamba, RAM ɗin kuwa 2GB. A saitin Play Store an rubuta ƙarara cewa Google bai tantance na'urar ba. Na ce, “Baba, ranka ya daɗe, ɗanka bai sayi kayan banza ba. Wannan allon ne jabu.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ɗana, ita na'urar fa?” Wi-Fi ɗinta ya tafi, amma Allah ya taimaka tana da ramin kebul. Na ja waya daga rauta zuwa bayanta, na karɓi wayar 'yarsa, wata Tecno da ba ta kai ta kawo ba, na sauke manhajar daga Play Store. Kafin a kawo mana ruwa Suratu Maryam tana tashi a falon.

Ku ji da kyau. Waya ko tabulet rimot ne kawai. Tsadarsa ba ta ƙara wa sauti daɗi. Abin da ake nema uku ne: ya zama na gaske, yana karɓar sabuntawa, kuma manhajar sitirimarka tana sauka a kansa daga shagon manhaja na hukuma. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu, a bar shi a shago.

Na ce tsada ba ta ƙara daɗi domin akwai masu kuɗi da ake yi wa irin wannan cuta ta ɗaya ɓangaren. An sha ce wa abokan cinikina sai sun sayi iPad mafi tsada kafin “bes ya fito”. Ƙarya ce. Idan kana amfani da Spotify Connect, ko Tidal Connect, ko manhajar kamfanin kanta, sitirima ce ke jawo waƙar daga intanet kai tsaye. Kana iya kashe wayar gaba ɗaya, kiɗa ya ci gaba. A Bluetooth da AirPlay ne sautin ke bi ta cikin wayar, shi ya sa batir ke zubewa, a Bluetooth kuma kira ke katse shi. Duk wanda ya haɗa maka sitirima ta Bluetooth ya ce ya gama aiki, bai fara ba. Kamar ka sayi mota ne a ɗaura mata jaki ya ja.

Kafin ka zaɓi tsakanin Android da iPhone, duba abin da na'urarka ke karɓa. Sonos da Bluesound suna karɓar AirPlay 2, ba sa karɓar Chromecast. WiiM Mini haka take, WiiM Pro tana karɓar duka biyun, WiiM Ultra kuma ba ta da AirPlay sam. Mutumin da duk waƙoƙinsa ke Apple Music, ko wanda ya saba da Boomplay da Audiomack, ya gwada da idonsa yadda manhajar za ta isa ga na'urar kafin ya biya. Kada ka yarda da “za ta yi” ta bakin mai shago.

Tsofaffin iPad na gwanjo ma suna ba ni ciwon kai. Jikinsu tas, gilashi ba ƙwarzane, amma iPad Air na farko da ya fito a 2013 ya tsaya a iOS 12, ba zai ƙara gaba ba. Kamfanonin sauti kuma ba sa jiran kowa. Sonos ta raba manhajarta gida biyu a 2020, S1 da S2, sannan a watan Mayun 2024 ta fito da sabuwa da ta zo da matsaloli har masu kayanta suka yi ta ƙorafi, shugaban kamfanin Patrick Spence ya sauka a Janairun 2025. Gyare-gyaren da suka biyo baya ta hanyar sabunta manhaja suka zo. Wanda na'urarsa ba ta iya karɓar sabuwa, ina zai same su? Buɗe shafin manhajar, karanta mafi ƙarancin Android ko iOS da take buƙata, ka sayi abin da ya wuce shi da tazara. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da Play Store, tabulet ɗin Amazon Fire ma haka. A kula.

Kuma don Allah a daina turo manhaja ta Xender. Na faɗa, ina sake faɗa. Idan Play Store ya ƙi, dalili gare shi.

Kiran da aka fi yi mini shi ne “manhaja ba ta ganin na'ura”. Sau da yawa wayar ce ta koma kan datar layi, ko tana kan Wi-Fi na baƙi, ko an bar VPN a kunne. Dole su zauna a kan hanyar sadarwa ɗaya. Masu kunna wa sitirima intanet daga wayarsu kuma, ranar da maigida ya fita da wayar, gida ya yi tsit. A nemi rauta, a ɗora ta kan inbata tare da sitirimar, in da hali a ja kebul. A lissafa data ma: Spotify a 320kbps yana cin wajen 144MB a awa ɗaya.

Idan don dattijo ake saye, allo mai faɗi ya fi, a ƙara girman rubutu, a ajiye masa tashoshinsa da makarantan da yake so a maɓallan da aka tanada don haka, ya danna sau ɗaya. Kada a sa asusun banki ko imel na maigida a tabulet ɗin da ke yawo a falo hannun yara da baƙi. A buɗe masa nasa daban.

Batun caja kuwa, zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, kuma batirin da ke cike dare da rana a wannan zafi kumbura yake. Samsung da wasu kamfanoni suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85, a kunna shi. Wanda gilashinsa ya fara ɗagowa, a cire shi daga wuta yau, kada a danna shi, kada a huda shi, kada a ba yaro ya yi wasa da shi. Kuma duk mai gyaran da ya ɗauko sukurdireba kafin ya gwada na'urarka da wata waya daban, karɓe kayanka ka raka shi bakin ƙofa.