Yawan Jama'a, Noma da Iskar Kabon

Jama'a, ku sani akwai wata iska da ake kira kabon dayoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ke fita duk lokacin da aka ƙona itace ko gawayi ko fetur. In ta yi yawa a sararin sama sai ta riƙe zafi ta hana shi fita, duniya ta ɗumama, damina ta rikice. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan ɗaya na iska, kashi 280 ne nata. Yau ta haura 420.

To, me ya haɗa wannan da haihuwa da noma? A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya miliyan 55 ne, a ta 2006 miliyan 140, yanzu kuwa an wuce miliyan 200. Kowane baki na son tuwo, ƙasa kuma ba ta ƙaruwa. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'yansa sun raba ta gado. A da manomi kan bar gona ta huta ta zama saura. Yanzu ina wannan sukunin? Sai a shiga daji da gatari, a sare, a tara, a cinna wuta.

Nan ɓarnar take. Bishiya da kabon ɗin iska take gina jikinta, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Ranar da aka ƙone ta, abin da ta yi shekaru tana tarawa ya koma sama cikin yini guda. Ƙasar noma ma tana riƙe da nata rabon cikin ruɓaɓɓen ganye da taki. In aka tsiraita ta, ana ta huɗa ba a mayar mata da komai, sai ya fice, gona ta koma fako. Ga kuma motocin gawayi da ke shiga birane dare da rana.

Amma a yi adalci. Afirka kaf abin da take fitarwa ta hanyar ƙona mai da gas da kwal bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, kuma Ba'amurke ɗaya ya fi 'yan Nijeriya 20 fitarwa. Wanda ya ɗora wa haihuwar talaka laifin ɗumamar duniya ya zalunce shi. Sai dai dajin da muka sare, gonakinmu ne ke fara jin rashinsa.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya. Tun shekarun 1980 suka kama sassaben zamani: maimakon tumɓuke kututture, sai a zaɓi toho masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da haka aka farfaɗo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a Nijar. Gawo ma ba ya tauye gero, domin da damina yake zubar da ganye.

Saboda haka, ya kai manomi, in za ka yi sharar gona bana, bar tohon gawo da na kalgo su tashi, kada kuma ka sa wa karan gonarka wuta.