Tsutsa ke buɗe wa funfuna ƙofa

'Ya'yana manoman Ikara da Makarfi da Kudan, ku matso kusa, ina da magana a kan masara kafin kaka ta kama.

Shekaranjiya da hantsi na ɓare wani goyo a gonar jikana. Daga waje lafiya lau yake. Da na yaye bawon sai ga ramin tsutsa a saman goyon, kashinta ya taru kamar dusa, a gefen ramin kuma ga wata funfuna kore-kore mai ɗaukar rawaya ta lulluɓe ƙwayoyi. Yaron ya ce, "Baba, ai ɗan kaɗan ne, a karkaɗe a niƙa." Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Tun da baƙuwar tsutsar nan ta shigo mana daga nahiyar Amurka a 2016, hankalinmu yana kan ganyen da take ci. Amma ɓarnarta ta fi haka. Duk inda ta huda goyo, ta buɗe wa funfuna ƙofa, kuma irin wannan funfunar tana zuba dafin da masana ke kira afulatoksin. Ba ya ɗaci a baki, tafasa ba ta kashe shi. A tuwo yake shiga, a kunun yara, a dusar da muke ba kaji da shanu, ya tafi yana cin hanta a hankali. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan sun ci irin wannan masarar. Allah Ya kiyaye.

Na san da jin haka wani zai ɗauki famfon feshi. Dakata tukuna, ɗana. Masara ba ta rasa dabararta ba. Idan tsutsa ta fara cin ganyenta, yawun tsutsar na sa ta saki wani ƙamshi da hancinmu bai cika kamawa ba. Wasu ƙananan dangin zanzaro, da ƙyar ido ke ganinsu, su ne ke bin ƙamshin nan su zo su saka ƙwai a jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Ikon Allah ke nan, kuma masana sun tabbatar da shi tun 1990. In ka yi ta ambaliyar magani babu lissafi, masu kawo maka ɗaukin za ka fara kashewa, ita kuwa tsutsar tana can laɓe cikin zuciyar masara. Ka zagaya gonarka da sassafe, ka leƙa zuciyar kowace shuka, ka murƙushe ƙwan da ka gani a ganye, ka nemi shawarar malamin gona kafin ka sayi kwalba.

Ita ma funfunar tana da kishiya. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce da aka shafe da 'yar'uwar funfunar wadda ba ta da dafi. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure, sai marar dafin ta riga mai dafin kama wuri.

In kun girbe, kada ku shanya a ƙasa tsirara, ku shimfiɗa tamfol. Ku bari ta bushe har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori kafin ta shiga buhu ko rumbu. Goyon da ya yi funfuna kuwa a ware shi a ƙone, kada a kai shi kasuwar Makarfi a cusa wa wani bawan Allah, kada kuma a zuba wa kaji. Na jikana mun tsince tare, ya cika kwando guda, muka cinna masa wuta a bakin gona.