Gyaran tsohon gida a Damagaram kafin bazara ta kama

A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40, amma wanda ya shiga tsohon zauren ƙasa a unguwar Birni ko ta Zango da azahar zai tarar da sanyi. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare. Yawancin gidajen da suka koma tanderu a yau, gyaran da aka yi musu daga baya ne ya jawo: an sauke soro an ɗora kwanon tol, an shafe bango da siminti, sannan aka dawo ana kuka da takardar kuɗin wuta.

Fara da sama, domin ta rufi zafi ya fi shigowa. Idan ɗakinka na tol ne, abu mafi araha shi ne a wanke kwanon a shafe shi da farin fenti, ya riƙa mai da hasken rana. Daga nan sai silin. A bar tazara tsakaninsa da kwano, a huda ƙananan kafofi biyu masu fuskantar juna a saman bango, a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye. In babu kafofin nan, iska mai zafi tana taruwa ne a sama ta sauko kan masu ɗaki da dare. Wanda ba shi da halin katako, tabarmar kaba ko asabari ninki biyu za su rage sosai, amma a zura wayar wuta cikin tiyo, kada ta taɓa kaba.

Idan kuwa har yanzu soro gare ka, ka riƙe shi da kyau. A hau a duba tsaga, a taɓa azara a ji ko gara ta ci, a share indararo tun kafin ruwan farko. Kada a yi ta lafta ƙasa shekara bayan shekara ba a kankare tsohuwa ba, nauyin yakan fi ƙarfin azara. Ruwa ne babban abokin gabar ginin ƙasa, kuma mutanen garin nan sun gani da idonsu a watan Satumba na 2024, lokacin da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni wanda aka gina tun ƙarni na 19.

Batun siminti a kan bangon ƙasa kuwa, ina roƙon masu gida su haƙura da shi. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa. Siminti yana toshe ta, laimar ta zauna a ciki, bango ya riƙa rubewa a ɓoye har ranar da shafen zai ɓalle gaba ɗaya. A nemi tsohon magini wanda ya san yaɓen ƙasa da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Sabunta shi ake yi lokaci zuwa lokaci, gaskiya ne, amma bangon yana numfashi. A kuma gyara gindin bango yadda ruwa zai gangara waje.

Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar. A kafa masa rumfar zana, ko a dasa bedi da ɗan nisa don kada saiwa ta shiga ƙarƙashin gini. Tagogi a rufe su da hantsi, a buɗe bayan isha'i.

Sai kuɗi. A Faransa, a 2020 gwamnati ta fara biya wa magidanta wani kaso na kuɗin irin wannan gyara ta shirin MaPrimeRénov'. A Nijar sauƙin yana zuwa ne ta wasu hanyoyi, kuma da yawa ba sa lura. Farashin kamfanin wuta na NIGELEC hawa-hawa ne: wanda ya sha wuta kaɗan a wata yana biyan kowane kilowat da rahusa, wanda ya haura kuma farashin ya hau da shi, akwai ma rukuni na musamman na masu ƙaramin ƙarfi. Ɗauko takardunka na watannin baya ka ga a wane mataki kake. Ga lissafi mai sauƙi: tsofaffin ƙwayaye 5 masu wat 60, awa 5 kullum, suna cin kilowat 45 a wata. Na LED masu wat 9 ba su kai 7 ba. Wannan kaɗai zai iya sauko da gida mataki guda. Fanka ta sama tana cin wat 70 ko kusa, na'urar sanyaya ɗaki kuwa ta ninka haka fiye da sau goma. Tsakaninsu akwai na'urar da ke sanyaya iska da ruwa, wadda ta dace da busasshen zafinmu, sai dai in damina ta sauka ba ta da amfani.

Hanya ta biyu ita ce hasken rana. A 2017 Nijar ta ɗage harajin kwastan a kan wasu kayan sola, a lokacin da aka fara shirin sola na NESAP da tallafin Bankin Duniya. Wutar Damagaram mafi yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina da Gazawa, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga da aka yanke ta a watan Agusta na 2023. Farantin sola ɗaya da batir mai kyau sun isa riƙe ƙwayaye da fanka mai aiki da batir. Ka nemi garanti a rubuce da rasit, ka tambayi ƙarfin batirin kafin farashinsa, kuma kada ka sayi komai sai an gama aikin rufi, don ɗakin da aka yi wa silin ƙaramin sola yake buƙata. A lokacin hunturu a riƙa goge farantin da tsumma mai laushi kowane 'yan kwanaki, ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai.