Digiri Na Biyu A Ilimin Halittu: Wa Zai Yi Mana Maganin Kachala?



A makon jiya malamin kimiyya ya tambaye mu, mu 'yan aji uku, abin da kowa yake so ya zama idan ya girma. Wasu suka ce likita, wasu soja, wasu lauya. Sai malam ya ce, "To, duk kun tafi. Wa kuka bar wa kachala?" Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce akwai karatun da ake yi a jami'a domin irin wannan matsala, sunansa ilimin halittu, wato bayoloji, kuma mai son ya ƙware a cikinsa sai ya kai digiri na biyu. Shi ya sa muka bi malamanmu da tambayoyi, muka haɗa wannan darasi.

MENE NE DIGIRI NA BIYU?

Ilimin halittu shi ne nazarin duk abin da yake da rai: tsirrai, dabbobi, kifaye, tsuntsaye, ƙwari, har da ƙwayoyin da ido ba ya gani. A jami'a matakinsa uku ne. A digiri na farko ana koya wa ɗalibi abin da masana suka riga suka gano. A digiri na biyu, wanda ake kira mastas, ɗalibi ne zai ɗauko tambaya ɗaya, ya fita ya nemo amsarta da kansa, wani malami yana duba aikinsa. Idan ya gama sai ya rubuta kundin bincike, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. A digiri na uku kuwa sai ya gano wani sabon abu da ba a sani ba, daga nan a kira shi dakta, ko da ba ya duba marar lafiya.

Ke nan mai digiri na biyu yana bukatar tambaya. Mu a Guri ba sai mun je nesa neman tambaya ba, tana bakin fadamarmu.

TAMBAYAR DA KE ƘOFAR GIDANMU

Kakanninmu suna ba mu labarin cewa a da kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala cikin fadama, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe. A shuka shinkafa, a yi su, Fulani su kawo shanu. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a jihar Kano, a 1992 kuma aka gama na Challawa. Tun daga nan ana sako ruwa har da rani, wurare da yawa suka daina bushewa. Irin wurin da kachala take so ke nan: ruwa marar zurfi da yake kwance shekara duka.

Kowa a cikinmu ya san ɓarnarta. Tana toshe hanyar ruwa, sai ya fasa ya shiga gonaki da gidaje, wasu garuruwan kuma su rasa shi. Tana hana kwalekwale wucewa, tana hana jefa taru. A cikinta jan baki suke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Wasunmu sun sha fashin makaranta saboda korar tsuntsu. Sauro yana hayayyafa a ruwan da ta tare, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. A ajinmu akwai waɗanda gonar gidansu yanzu kachala ce zalla.

Me ya sa ake yanke ta, a ƙone ta, ta sake fitowa? Amsar tana cikin ilimin halittu. Kachala tana da wani tushe mai kauri da yake tafiya kwance a cikin laka, a nan take ajiye abincinta. Wuta tana cin ganye ne kawai, ba ta kai wa tushen. Kuma kanta ɗaya, mai kama da zangarniyar gero, yana ɗauke da dubban ƙananan iri da iska take kwasa. Amma tana da lago. Ganyenta yana da ƙananan ramuka da suke kai iska zuwa tushen. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya daɗe a kanta, sai tushen ya rasa iska ya mutu. Duk wannan ta hanyar bincike aka gano shi. A ƙasashen Senegal da Muritaniya har gawayin girki ake yi da ita.

To, a wane wata ya fi dacewa a yanke ta a fadamar Guri? Sau nawa a shekara? Waɗanne kifaye ne suka ragu tun da ta zo? Kowace ɗaya daga waɗannan za ta iya zama aikin digiri na biyu.

Ba kachala kaɗai ba. Duk lokacin sanyi tsuntsaye suna tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a yankinmu. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta amince da muhimmancinsu. Baƙi suna zuwa daga nesa su ƙirga tsuntsayen da muke harbi da danƙo.

HANYAR ZUWA CAN

1. Mu ci jarrabawar aji uku da kyau, musamman lissafi da kimiyya, domin mu samu ajin kimiyya a babbar sakandare.

2. A WAEC ko NECO ana bukatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis.

3. A JAMB ana rubuta Turanci, bayoloji, kemistiri, sai fizis ko lissafi.

4. Digiri na farko shekara 4 ne. Kusa da mu akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da aka kafa a 2013, da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Kada a yi wasa da sakamako, domin da shi ake neman gurbin digiri na biyu.

5. Bautar ƙasa shekara 1.

6. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa 2. Ana yinsa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mai son tsuntsaye kuma akwai cibiyar APLORI a ƙauyen Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda ake yin digiri na biyu kan kare halittu.

Mun yi lissafi: 3 da 4 da 1 da 2, shekara 10 ke nan bayan mun bar aji uku. Mai shekara 13 yau zai iya gamawa yana da 23, idan yajin aiki bai tsayar da shi ba.

ABIN DA KE TARE HANYA

Ba za mu ɓoye ba, hanyar tana da wuya. Na farko kuɗi. Abin takaicin shi ne, kachalar da muke son yaƙa ita ce take cinye gonar da za a sayar da amfaninta a biya mana makaranta. Na biyu, da yawanmu ba mu taɓa leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu ba, sai dai hotonsa a littafi. Na uku, wasu 'yan uwanmu mata daga aji uku karatunsu yake tsayawa, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka fi mu lissafi. Muna roƙon iyayenmu su dubi wannan. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Jigawa, muna roƙon malamanmu su bayyana mana yadda ake nema tun da wuri.

AIKIN GIDA

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Malam ya ce aikin mai bincike na farko shi ne lura da rubutawa, wannan kuwa ba ya bukatar kuɗi. Kowa ya ware littafi ɗaya. Ya rubuta ranar da ruwa ya iso gonarsu da ranar da ya janye. Ya rubuta ranar da ya fara ganin jan baki. Ya tambayi kakansa sunayen kifayen da ake kamawa a da waɗanda yanzu ba a gani. A kawo wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa a wannan allo kowane wata.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan malam ya sake yin tambayarsa, muna fata ko mutum biyu su ɗaga hannu su ce su za su tsaya wa kachala. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.