Yadda Ake Gano Tsutsa a Jikin Wanda Ya Dawo Daga Tafiya

In akwai zazzaɓi, a gwada maleriya yau ɗin nan, kafin a yi maganar tsutsa.

Daga nan sai tambaya: ina ka je, kuma ka shiga ruwa? Wanda ya dawo Abuja daga hutun Sallah, ya yi wanka a magudanar noman rani ta Kadawa ko bakin tafkin Kainji, tsargiya za a fara zargi. Mai son tsire da jini-jini a ciki, tsila.

Gwajin fitsari shi ne inda ake yawan ɓata aiki. Mutane sun saba kawo fitsarin asuba, alhali ƙwan tsargiya ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. A tari na ƙarshe-ƙarshe, ɗigon nan da yakan zo da ja, a kai ɗakin gwaji nan take. Kuma a ƙirga kwanaki. Tsutsar tana ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin ƙwanta ya fara fita a fitsari, don haka wanda ya gwada kwana goma da dawowa aka ce masa ba komai, bai tsira ba tukuna. Ya sake bayan wata uku.

Gwajin bayan-gida kuwa, sau uku a ranaku daban-daban. A haɗa da ƙidayar jini, likita ya duba eosinophil. Hawansa na iya zama alamar tsutsa.

Albendazole 400mg, haɗiya ɗaya, yana kashe yawancin tsutsar hanji, amma ba ya taɓa tsargiya. Ita sai praziquantel, 40mg kan kowane kilo na nauyin jiki, bayan an ci abinci. A hau sikeli, kada a ƙiyasta da ido. Mai ƙaramin ciki ta bar albendazole sai ta ga likita.

Abin da nake roƙo kullum: kada wanda ya zauna a dazukan Kamaru, Gabon ko Kuros Riba ya sha maganin tsutsa na ivermectin kafin a duba jininsa da rana. In yana ɗauke da Loa loa da yawa, tsutsar nan mai ratsa farin ido, maganin na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Haka mai shirin shan prednisolone ko dexamethasone ya gaya wa likita tarihin tafiyarsa, domin akwai tsutsar Strongyloides da ke ɓuya shekaru, waɗannan magunguna su sa ta bazu har huhu.

A sayi magani a kantin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC. Kuɗin gwajin ya danganta da wuri. Na Gwagwalada da na Maitama ba ɗaya ba ne.